Nauyin da Ya Ƙi Ƙetare Iyaka

Duk wanda ya zauna a Jibiya a zamanin da Ingilishi ke mulkin wannan gefen iyaka, Faransa na mulkin wancan, ya san Arzika. In bai taɓa ganinsa ba, to ya ji muryarsa. Aikinsa gadin rumfar awon gyaɗa ta wani kamfani da ke bakin hanyar Maraɗi. Shi ke shara, shi ke riƙe makulli, shi ke korar awaki daga buhuna. Amma da yake ya shekara bakwai yana tsaye a bayan akawu yana leƙen allurar sikeli har ya iya karanta lamba, sai ya naɗa wa kansa sarautar Sarkin Awo. Ba wanda ya ɗaura masa rawani, ba kuma wanda ya tsaya musu da shi, don musu da Arzika sai wanda ya zo da guzuri.

Bayan sikeli, abin taƙamarsa na biyu shi ne ɗansa Uwaisu. Ba ɗan fari ba ne balle kunya ta hana shi yabonsa, saboda haka yakan ambaci sunan yaron sau goma kafin ya gama cin goro ɗaya. Uwaisu ɗan shekara goma sha bakwai ne, ƙaƙƙarfa, mai sanyin hali, ba ya ɗaga wa ubansa ido. Shekara biyu a jere, a kokawar kaka da ake yi tsakanin samarin Jibiya da na Ɗan Isa, garin da ke ƙetaren iyaka, shi ke kayar da kowa ya dawo da kambun gwani a damtsensa. Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne: ƙuraje sun cika masa goshi da kumatu.

Da ba wanda ya damu da su. Sai ga labari cewa bana mai ɗaukar hoto zai zo tun daga Katsina ya ɗauki wanda ya ci kambu, a rataye hoton a rumfar sarkin kasuwa. Tun daga ranar Arzika ya daina ganin ƙirjin ɗansa, fuskar kawai yake gani.

Ran wata Lahadi, ranar kasuwa, saura wata guda a yi kokawa, yana zaune gaban abokinsa Manu wanzami ana gyara masa gemu, ya fara.

"Manu, hoto ba ya mutuwa. Jikokin yaron ga za su zo su duba, su ce wanga kakanmu ne ko kantun riɗi?"

"Ƙurajen balaga ne, Sarkin Awo," in ji Manu. "Kai ma ka yi su, na tuna. Da kansu sunka zo, da kansu za su tahi. Rufe baki kar in yanke ka."

Bai rufe ba. Ana cikin haka sai ga Mushe Abdu (Mushe shi ne Malam a bakin Faransa), ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗin Faransa, ya shigo cin kasuwa da gajeren wandonsa na kaki. Shi ma gwani ne a fannin cika baki. In Arzika ya ce ya ga zomo, to Abdu ya ga mai ƙaho. Ya gaishe su, ya zauna, ya ce bana dai Jibiya ta shirya kuka, don sun samu wani yaro, Ya'u, wanda ƙasa ke rawa in ya taka.

"Jiya munka ɗora shi bisa sikelinmu," in ji shi. "Saba'in cif."

Arzika ya ture hannun wanzami ya juyo. "Saba'in?"

"Saba'in."

"To huskarshi fa? Akwai ƙuraje?"

Mushe Abdu, wanda bai taɓa tsayawa duban fuskar Ya'u ba, ya ce, "Ƙuraje a ƙasar Faransa? Madubi ke nan. Mata na duba kwallinsu a goshinshi."

Arzika ya miƙe da rabin gemu a gyare, ya nufi rumfar awo. Akawu bai riga ya zo daga Kano ba, don ba a buɗe cinikin gyaɗa ba tukuna, sikeli na hannun mai makulli. Ya aika aka kira Uwaisu, ya ɗora shi. Allura ta zagaya ta tsaya a ɗari da hamsin. Ya tafa hannu, ya sa aka tattaro masa duk wani yaro da ke yawo a kasuwa, ya yi ta ɗora su ɗaya bayan ɗaya yana leƙen fuskokinsu. Kafin la'asar ya gama bincike, ya hau kan buhu ya yi wa jama'a bayani.

"Jama'a, yau Allah ya buɗe mani abin da likitocin Turawa sunka kasa ganewa. Duk yaron da ya haura ɗari da ashirin, ga ƙuraje nan. Duk wanda bai kai tamanin ba, huska sumul. Nauyi ne. In jiki ya cika ya rasa wurin zuwa, sai ya ɓullo ta huska, kamar yadda gyaɗa ke huda tsohon buhu. Ku dubi na ƙetare, saba'in gare shi, huska kamar madubi."

Manu, wanda ya biyo shi da aska don ya ƙarasa aikinsa, ya ce, "Waɗanda ba su kai tamanin ba ai 'yan shekara tara ne."

"Sikeli ba ya tambayar shekara."

"To kai hau mu gani."

Arzika ya hau, allura ta yi tsalle ta wuce ɗari biyu. Jama'a suka matso suna neman ƙurji a fuskarsa, babu ko ɗaya.

"Ni na wuce inda suke kaiwa," in ji shi yana saukowa. "Ko ƙuraje sun san manya."

Nan take ya sanar da shirinsa. Kafin ranar kokawa zai sauko da Uwaisu daga ɗari da hamsin zuwa saba'in, fuska ta goge, mai hoto ya ɗauki abin da ya cancanci a rataye. Wani dattijo ya tambaya ko yaron zai iya kokawa in ya rame. Arzika ya yi dariya ya ce ko a ɗari ya tsaya ai ya fi ɗan Faransa da talatin, da ɗan yatsa zai tura shi. Maganar ta shiga kunnen iyaye, musamman da suka ga lamba ce ke magana ba mutum ba. Kashegari samari goma sha ɗaya suka bayyana a ƙofar rumfa, kusan duk 'yan kokawar gari, iyayensu sun turo su a yi musu gyaran fuska.

Doka ta farko, ba fura, ba tuwo, ba ƙuli-ƙuli, ba abin da ya ga man shanu ko daga nesa. Kunun tsamiya da safe, dafaffen zogale da yamma. Salmatu, uwar Uwaisu, ta ji dokar tana tuƙa tuwo, ba ta ko juyo ba.

"Malam, yaron da na shekara sha bakwai ina ginawa, shi za ka rushe cikin wata guda?"

"Ba rushewa ba ce, sassaƙa ce."

"Garin neman gira dai kar a rasa ido."

"Ke mi kika sani game da awo? Da tafin hannu kike auna gishiri."

"Kuma ban taɓa ɓata miya ba," in ji ta.

Doka ta biyu, gudu. Kowace safiya samari su kama hanyar Bugaje a guje, sai rana ta take su dawo. Arzika kan raka su bakin gari, ya yi musu huɗuba, ya koma ya ci ɗumamensa. Suka yi kwana bakwai suna tafiya a murtuke suna dawowa da fara'a. Ran na takwas ya tara mutane a ga sakamako. Ya ɗora Uwaisu, allura ta nuna ɗari da hamsin da uku. Ya sauke shi, ya hura wa sikeli iska, ya sake ɗorawa, ba ta canza ba. Sauran ma kowa ya ƙaru.

Yana cikin bayanin cewa nauyi kan yi tashin gaba kafin ya faɗi, kamar fitila in za ta mutu, sai ga wata dattijuwar Bafulatana da ƙwarya a ka tana tambayar ina Sarkin Awo. Ya buɗe kafaɗa ya ce ga shi. Ta sauke ƙwaryar a gabansa ta yi ta sa masa albarka. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin mutumin kirki kamarsa ba, kullum yana turo mata samari goma sha biyu rugarsu suna ja wa shanu ruwa a rijiya, ita kuwa ba ta da abin ba su sai kindirmo da fura, su sha iya cikinsu. Ga wannan ma ta kawo masa tukuici.

Manu ya tsuguna ya buɗe faifan ya leƙa. "Sarkin Awo, ga maganin ya biyo ka har gida."

Samari suka sunkuyar da kai. Arzika ya karɓi ƙwaryar, don ba a mayar da kyauta, ya soke gudu daga ranar.

Shiri na gaba shi ne gumi. Ya ce nauyi ruwa ne, in aka matse shi zai fita. Da rana tsaka ya shigar da su ɗakin ajiya mai rufin kwano, ya lulluɓe kowa da buhunan gyaɗa uku-uku, ya rufe ƙofa ya zauna a waje cikin inuwa yana fifita. Kwana uku ana haka. Gumi ya fita, ba ƙarya. Amma ƙaiƙayin buhu da zafin kwano suka haɗu suka haifar da ƙurajen zafi tun daga wuya har gadon baya. Wanda ya zo da ƙuraje ashirin ya koma da abin da ba ya ƙirguwa. Samari goma sha biyu suka riƙa yawo cikin gari suna susa da bangon mutane.

Iyaye mata suka zo ƙofar rumfa a ayari. Ɗaya ta jawo ɗanta ta juya bayansa ga Arzika.

"Na kawo maka huska, ka haɗa mani da baya?"

"Alamar nasara ke nan, Inna. Sun taso daga huska suna gangarowa. In sunka kai ƙafa sai su shige ƙasa."

"To na huskar mi ya sa ba su tashi ba?"

"Su ne manyan, sai sun ga ƙananan sun sauka lafiya."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Kowace ta kama hannun nata ta yi gaba, aka bar Arzika da Uwaisu, wanda ba shi da inda za a kai shi tunda gidan ke nan. Ni dai a nan tausayin yaron ya kama ni, don da ya iya musu ko kaɗan da ya tsira. Yanzu idon uban gaba ɗaya ya dawo kansa. Arzika ya kama Salmatu tana tura masa ɗumame ta ƙarƙashin zana, ya kama ta ta ɓoye ƙuli-ƙuli a cikin butar alwala, daga nan ya ɗauke yaron ya koma da shi rumfar awo da zama.

Lahadi ta uku ya zo kasuwa da tulu cike da jiƙon filasko, ganyen nan mai wanke ciki. Ya ce wannan shi ne babban makami, kofi ɗaya na zubar da lamba goma. Manu ya ce in yaron da ba komai a cikinsa ya sha wannan, sai dai a ɗauko shi a kan jaki.

"Tsoro ke damunku," in ji Arzika. "Abin ga ko jariri ya sha sai barci. Ku duba."

Ya cika kofi ya shanye. Da ya ga ana kallonsa ya ƙara na biyu, ya goge baki, ya ba Uwaisu rabin kofi. Sannan ya hau buhunsa ya shiga tarihin awo tun daga zamanin mudu. Ya yi nisa, ya kai inda yake cewa Turawa ma wataƙila su aiko a ɗauke shi zuwa Ikko ya koyar, sai ya yi shiru. Ya sauya tsayuwa. Ya ce, "Kamar yadda nike cewa," ya sake yin shiru. Gumi ya keto masa. Ya sauko daga kan buhu a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya yi taku uku na dattako, na huɗu kuwa ya tattare riga ya ratsa ta layin masu tukwane, ya bi ta kan tabarmar mai barkono, ya ɓace cikin karan dawa.

Manu ya ɗaga murya ya ce, "A dakace shi, jama'a, ya tahi Ikko."

Sau bakwai ya je Ikko a ranar.

Duk da haka yunwa ta yi aikinta a jikin Uwaisu. Saura kwana huɗu a yi kokawa ya sauko ɗari da talatin da biyu. Wuya ya yi tsawo, ido ya faɗa, kambu na zamewa daga damtse sai an ɗaure da tsumma. Ƙuraje kuwa suna nan daram, har sun fi fitowa tunda kumatun da ke ɓoye su sun tafi. Arzika ya fara damuwa a ransa, ko da yake bakinsa bai sani ba. Daga ɗari da talatin da biyu zuwa saba'in tafiya ce mai nisa a kwana huɗu. Ya yanke shawarar su ƙetara su ga abin da mutanen Faransa ke ci.

Suka taka da hantsi har tashar duwan. Mushe Abdu ba ya nan, ya shiga gari, amma ga sikelinsu a bakin ƙofa ana auna buhunan gero. Arzika bai iya ganin sikeli ya wuce ba. Ya ce wa Uwaisu ya hau. Allura ta motsa kaɗan ta tsaya a sittin.

Ya murza ido. Ya sauke yaron ya sake ɗorawa. Sittin. Ya rungume shi a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba, ya juya da shi gida ko ruwa ba su sha ba. Tun daga bakin gari yake shelar cewa ya wuce alkawari da goma. Jama'a suka biyo shi rumfa, ya ɗora Uwaisu don su gani da idonsu. Allura ta zagaya ta koma ɗari da talatin da biyu.

Wani ne da ya yi shiru. Arzika ya dubi sikeli, ya dubi hanyar Maraɗi, ya gyaɗa kai kamar wanda aka raɗa wa sirri.

"Na gane. Nauyin ba shi da takarda. In mutum zai ƙetara, a iyaka yake tsayawa ya jira shi. Da munka dawo ya sake hawa kanshi."

"To ƙurajen fa?" in ji Manu. "Na ga da su ya tahi, da su ya dawo. Su takarda gare su?"

"Ba su samu labari da wuri ba. Kwana uku can, za su ga ba abin da ke riƙe da su, su kakkaɓe."

Haka kuwa aka yi. Ya kai Uwaisu gindin wata tsamiya, taku hamsin bayan dutsen iyaka, ya shimfiɗa masa tabarma, ya zauna gadi da tulun kunu. Salmatu ta zo da akushi har bakin dutsen, ya tare ta ya ce tuwon Ingilishi ba ya shiga ƙasar Faransa. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da sikeli, ta juya tana share ido. Kwana uku yaro na kwance yana kallon 'ya'yan tsamiya, sauro na ƙara masa ado.

Ranar kokawa fage ya cika a bayan kasuwar Jibiya. Makaɗa sun ɗaure kalangu, mata sun jeru ta gefe, mai hoto ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Arzika ya shigo da babbar riga yana riƙe da hannun Uwaisu, kamar dai mai gabatarwa, amma a gaskiya tallafe shi yake. Ya gaya wa mai hoto ya tsaya ta inda rana ba ta haska fuska sosai.

Sai mutanen Ɗan Isa suka iso, Mushe Abdu a gaba. A bayansa wani saurayi ne da wuyansa ya kai cinyar mutum kauri. Da ya matso aka ga fuskarsa, ƙuraje sun yi mata kaca-kaca, na Uwaisu wasan yara ne.

"Wane ne wanga?" in ji Arzika.

"Ya'u ke nan."

"Ƙarya ne. Ina mai saba'in ɗin? Ina madubin?"

Mushe Abdu ya waiwaya ya dubi fuskar Ya'u, karo na farko a rayuwarsa. Ya yi tari ya ce madubin ya ɗan yi ƙura a hanya, amma saba'in kam saba'in ne.

Arzika ya ce ba za a kama kokawa ba sai an auna, an yi musu musanyen mutum. Ya sa ƙarti huɗu suka ɗauko sikelin kamfani tun daga rumfa suka dire a tsakiyar fage. Makaɗa suka tsaya. Ya'u ya hau, ƙarfe ya yi ƙara, allura ta tsaya a ɗari da hamsin da huɗu.

"Kun gani, jama'a. Ko dai ba shi ba ne, ko kuma da ya ƙetaro ya saci nauyin ɗana da munka bari a iyaka."

Mushe Abdu ya sunkuya ya dubi rubutun da ke jikin sikelin. Ya ɗago a hankali yana danne dariya.

"Sarki, da mi sikelin ga ke awo?"

"Da lamba mana."

"Lambar mi? Naku laba ce, ta Ingilishi. Namu kilo ne. Kilo guda ai laba biyu ne da ɗoriya. Saba'in ɗinmu ita ce ɗari da hamsin da huɗunku. Ɗanka da kake cewa ɗari da hamsin, da shi da Ya'u kusan kai ɗaya suke kafin ka sa mashi hannu."

Dariya ta ɓarke a fage tun daga wajen mata har kan bishiyoyi inda yara suka hau. Mai kalangu ya kama kiɗin "laba ba kilo ba ce" nan take, 'yan amshi suka karɓa. Manu bai yi dariya da yawa ba, ya dai matso ya ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Arzika ya buɗe baki ya ce dama ya sani, gwada su yake, amma ko shi kansa bai ji abin da ya faɗa ba.

Aka janye sikeli, aka saki 'yan kokawa. Uwaisu ya shiga da zuciyarsa, wannan kam ba wanda ya rage masa ita. Ya kama Ya'u ta inda ya saba kama mutane, ya yunƙura zai ɗaga. Ya'u bai motsa ba. Ya sake yunƙurawa, ko gezau. Ya'u ya dube shi da mamaki, don ya ji labarinsa shekara biyu yana tsoron ranar nan, sannan ya ɗan goce ya ja shi gaba. Uwaisu ya tafi rub da ciki, fuska cikin rairayi.

Bai tashi da wuri ba, don babu ƙarfin tashi. Wannan ya ba mai hoto sarari ya shiga ƙyallensa a tsanake, ya gyara, aka ɗaura wa Ya'u kambu, ya ce masa ya ɗaga hannu kar ya motsa, ya ɗauka. Kambun ma ba a sha wahalar cire shi ba, da kansa ya sulluɓo. Salmatu ta keta fage ba ta kula kowa ba, ta zauna kusa da ɗanta ta buɗe ƙwaryar fura. Arzika ya matso zai yi magana, ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ya koma inda ya fito.

Bayan mako uku hoto ya iso daga Katsina a motar gyaɗa, aka rataye shi a rumfar sarkin kasuwa. Arzika ya yi kwana biyu yana zagaye rumfar ta baya. Ran na uku da sassafe, kafin mutane su taru, ya lallaɓa ya tsaya a gabansa. Ga Ya'u nan tsaye da kambu, yana dariya, kowane ƙurji ya fito ɓaro-ɓaro, kuma ba abin da ya rage masa. A ƙasa ga Uwaisu a kife, ba a ganin komai sai ƙeya da haƙarƙari da tafin ƙafa. Arzika ya ƙirga haƙarƙarin ɗansa a hoton. Ya sake ƙirga su daga farko.

Sai ya ji mutum a bayansa. Uwaisu ne, da dunƙulen ƙuli-ƙuli a hannu, kumatu sun fara dawowa. Ya tsaya kusa da ubansa suka kalli hoton tare. Can ya russuna kaɗan, cikin ladabin nan nasa da bai taɓa canzawa ba, ya ce:

"Baba, maganinka ya ci. Duba da kyau, ko ƙurji guda ba a gani a huskata."